Sunan da Inna Ba Ta Faɗa

Ba abin da ke ɓata mini rai kamar wasan nan na "Inna, wane ne wannan?" Duk wanda ya zo gaishe ta sai ya yi shi. Mutum zai baro gidansa, ya sha hanya, ya zo ya durƙusa gaban tsohuwa, maimakon ya ce ina wuni ya ajiye mata goronta, sai ya miƙa mata fuska kamar mai ɗaukar hoton katin zaɓe, wai ta canka. In ta canka a yi shewa. In ta kasa a girgiza kai a ce gigin tsufa ya ci ƙarfinta. Ita kuwa tana zaune tana bin bakin kowa da kallo, ta san an tambaye ta wani abu ta faɗi, amma ba ta san mene ne ba.

Ƙanena Musbahu shi ne sarkin wannan wasa. Shi ne autanmu, yana da shagon kayan babur a Gummi, kuma har ya yi gemu bai daina ganin duniya wurin wasa ba ce. Wata Juma'a ya zo Anka da matarsa Shamsiyya. Ina dawowa daga asibiti, ko takalmi ban cire ba, na tarar ya tsuguna gaban Inna yana nuna ƙirjinsa.

"Inna, wane na wanga?"

"Musbahu na. Kai dai ba ka girma."

Ya tuntsire da dariya. Ya nuna matarsa, Inna ta ce amaryar Musbahu ce, ko da yake amaryar ta yaye biyu. Sai ya jawo gefen hijabina.

"To wagga hwa?"

Inna ta ɗago, ta ga ni ce. Ta kawar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki, ta shiga kallon bango.

"Inna, ɗiyakki ta! Mi sunanta?"

Ta ƙara jan mayafin. Musbahu ya dube ni da tausayi, irin tausayin da ke sa ka ji kamar ka mari mutum.

"Yaya, sai haƙuri. Ke da ke wahala da ita, ke tam mance."

Na ce, "Kai Musbahu, tun da anka haihe ka, yaushe ka taɓa jin sunana a bakin Inna?"

Ya sosa gemu. Shi da ake kiran sunansa tun safe har dare, ina zai lura da wanda ba a kira ba.

Ni ce 'yar fari. Sunana Lauratu, kuma ban taɓa jin sa daga bakin uwata ba. Inna ta tashi a hannun kakarta Bafulatana, a rugar da kunyar ɗan fari ba abin wasa ba ce. Ba ta kiran sunana, ba ta duban fuskata, ba ta yi mini magana kai tsaye. Komai sai ta bi ta kan wani. "A ce ma waccan tuwo na cikin kwano." "A ce ma waccan rana ta yi." In ba kowa a gidan, ƙofa take gaya wa, ko akuya. Ina yarinya na sha jin haushin akuyar nan, don ta fi ni samun hira da Inna. Ranar da na ci jarrabawar shiga makarantar jinya, mata suka cika gidanmu a Dareta suna guɗa, ita kuwa ta ɗauki tulu ta tafi rijiya.

Da ciwon mantuwa ya kama ta, wannan kawar da kai da na tashi ina ƙi shi ya zama ma'aunina. Kullum in na dawo daga aiki sai in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama. In ta ɗago ta kawar da kai, to alhamdu lillahi, yau ma ina da uwa. Baƙo ake kallo a ido. 'Yar fari ce kaɗai ake juya wa ƙeya.

Ni nas ce mai rajista, na daɗe a ɗakin mata. Na iya allura, na iya ƙarin ruwa, na karɓi haihuwa da fitilar waya. Amma ranar da na ga Inna tsaye a tsakar gida da buta a hannu, ta rasa abin da ake yi da ita, na san duk takardun da na tara ba su tanade ni don wannan ba. A makarantar jinya a gurguje aka wuce mana ta kansa. Shi ya sa na nemi karatun gaba da digiri, na nas-nas masu ƙwarewa kan kula da masu ciwon mantuwa, a wata jami'a can kudu. Abokan aikina suka sa ni gaba da tsiya, wai Lauratu za ta yi digiri a kan gigin tsufa, saura na furfura. Na ce su yi ta dariya, duk wanda Allah ya ja kwanansa a cikinsu hannuna zai faɗo.

Yawancin darussan ta waya ake yi, ranar Asabar da safe. Akwai tulin bulo a bayan gidana, nan ne kaɗai sabis ke tsayawa, nan nake hawa in zauna kamar mai gadin gona. Malamarmu wata dattijuwa ce mai gilashi a kan hanci, ba ta ɗaga murya. Ita ta fara gaya mana cewa abin nan ciwo ne a ƙwaƙwalwa, ba tsufa kawai ba, ba iska ba, ba maita ba. Ta ce daga sama yake kwasa, sabon abu ya fara tafiya, abin da mutum ya koya tun yana ƙarami ya shiga jininsa shi ke zama na ƙarshe. Ta hana mu yi musu jarrabawa, ta hana mu gardama da su. Ta ce in mai ciwon ya tambayi wanda ya mutu, kada ki sake kai masa labarin mutuwar, don a wurinsa yau ne ta faru. Ki saurari abin da ke ƙarƙashin maganar, shi za ki amsa.

Wata rana na ba ta labarin Inna da kawar da kanta. Ta gyara gilashinta. Sannan ta ce, "Kina da abin da iyalai da yawa ba su da shi. Kina da alamar da ba sai kin yi tambaya ba." Ban tambaye ta abin da zai faru ranar da alamar ta ɓace ba. Ita ma ba ta faɗa ba.

Akwai yarinya a cikin wannan labari. Tawa ce, 'yar farina.

Ina makarantar jinya na haife ta, da aka yaye ta aka kai wa Inna a Dareta, kamar yadda ake yi. Inna da ba ta taɓa goya ni a gaban mutane ba, sai ga ta da jika a baya har rijiya. Ƙawata take ce mata. Tare suke cin tuwo, tare suke faɗa a kan ƙanzo. Lokacin ne zinariya ta shigo ƙauyen. Maza na kawo duwatsu daga rami a buhu, mata na dakawa a cikin gida, a turmin da ake dakan hatsi. Inna ma ta daka, kowa ya daka. Ƙura ta kwanta a kan tabarmi da kwanoni, yara na rarrafe a cikinta suna sa hannu a baki. Ba wanda ya san akwai dalma a dutsen. Da yara suka fara sanƙarewa aka ce iska ce ta shigo gari. Kafin ma'aikatan asibiti su ɗebi jinin yara a gane guba ce, maƙabartar Dareta ta cika da ƙananan kaburbura. Na tawa na cikinsu. Ban same ta da rai ba.

Na zo na zauna a ɗakin Inna. Ba a yi wa ɗan fari kuka a gaban mutane, don haka ban yi ba. Inna na zaune ta ba ni baya. Can ta dubi ƙofa ta ce, "A ce ma waccan ta yi haƙuri." Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakaninmu a kan maganar ke nan. Aurena da uban yarinyar ma bai daɗe bayan haka ba.

Daga baya ma'aikata suka zo da shebur, suka kankare ƙasar tsakar gidan gaba ɗaya suka zuba a buhuna, suka kawo wata mai tsabta suka shimfiɗa. Sun ceci yara da yawa da wannan aiki, Allah Ya saka musu. Amma an ce Inna ta tsaya a kansu har suka gama, sannan ta ce, "Sun kwashe har sawunta."

Ni ma ban taɓa kiran sunan yarinyar ba. Abin da na gani shi na yi. "Ke" nake ce mata, in an miƙo mini ita a gaban mutane in kawar da kai. A raina ina cewa ni 'yar boko ce, bari ta ɗan tasa, in ɗauke ta mu koma birni inda ba idon kowa, in kira ta yadda na ga dama. Na ɗauka akwai lokaci.

Da zaman ƙauye ya gagara na ɗauko Inna na dawo da ita wurina a Anka. Da safe ba ta da matsala, tana tsince wake, tana jan carbi. La'asar sakaliya ce abin tsoro. Da zarar maƙwabta sun fara dakan tuwon dare, ƙarar taɓarya ta ratso katanga, sai ta miƙe. Ta sunkuya tana duba ƙasa, taku bayan taku, kamar wadda ta yar da allura.

"Ƙawata! Ƙawata, hito!"

Ta leƙa bayan randa, ta leƙa ƙarƙashin gado. Ta dama fura a ƙaramin kwano ta ajiye a gefen tabarma, ta matsa ta bar wurin zaman mutum ɗaya. Wata rana Musbahu na nan, shi mai gaskiya, ya ce mata, "Inna, ai yarinyar ga ta rasu tuni." Ihun da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, ko a ɗakin haihuwa. Ta yi kukan da ba ta yi ba a Dareta. Washegari ta mance, ta sake fita nema. Shi kuwa na jefa masa takalmansa waje na ce in ya ƙara, ya nemi wata yayar.

Duk dabarar da aka koya mini na gwada. Matsalar ita ce littattafan sun ce ki zauna daidai da idonta, ki riƙe hannunta, ki yi mata magana a hankali. Wanda ya rubuta bai san Inna ba. In na zauna gabanta sai ta juya. Dole na koma irin nata, in dubi bango in ce, "A ce ma Inna ta zauna ta huta, ana nan ana dubawa." Wani lokaci ta zauna.

Wata yamma ina tsugune ina kwashe kwanon furar nan, sai na ji ta yi shiru. Na saci kallonta. Ba ni take kallo ba, bayan kafaɗata take kallo, ƙasa-ƙasa, daidai tsayin yaro, tana murmushi.

"Ga ta nan bayan wagga," ta gaya wa ƙofa. "Ta riƙe mata zane."

Na san sunan wannan a likitance. Na rubuta aikin gida a kansa, har malamar ta yaba. Amma ban waiwaya ba. Na zauna a tsugune da kwano a hannu, ina jin gefen zanena ya yi nauyi, har aka kira magariba. Tun daga ranar, in zan wuce ta gefen tabarmar nan sai in ga na kauce wa wurin da ta bari.

Kashin ƙarshe na karatun ba a yin sa ta waya. Dole mutum ya je can ya yi watanni a ɗakin masu ciwon, a ƙarƙashin malamai, in ba haka ba duk wahalar baya ta tashi a banza. Ba mai riƙe Inna sai Musbahu, shi kuma ba zai bar shago ba, sai dai a kai ta Gummi. Ni kuwa na riga na karanta abin da sauya wuri ke yi wa mai wannan ciwo. Sabon ɗaki, sabuwar ƙofa, sababbin muryoyi, abin da ya rage a hannunsa sai ya suɓuce da sauri. Na san ina iya dawowa in tarar ba ta san ni ba.

Musbahu ya ce, "Yaya, ki tahi abinki. Wadda tam mance ki, mi za ta rasa?"

Na gaji da koyar da shi. Na auna abin ta kowane gefe. Akwai matakin da ke zuwa wanda ban iya ba tukuna, lokacin da haɗiya za ta gagara, lokacin da kwanciya za ta fara cin fata, kuma a can ne ake koyon sa da hannu. Akwai tsofaffin da nake gani ana kawowa asibiti da sawun igiya a ƙafa, don 'ya'yansu ba su san yadda za su hana su fita ba, kuma duk yankinmu ban san nas ɗaya da ta yi wannan karatu ba. Sannan ina so, wannan ma gaskiya ce. Ina son in gama abin da na fara.

Na kai ta Gummi da kaina, da tabarmarta da butarta da ƙaramin kwanon. Na zaunar da Shamsiyya na koya mata abin da ya sawwaƙa. Yarinyar kirki ce, a Gusau ta tashi, ta fi mijinta kunnen sauraro. Da zan tafi na durƙusa daga gefe na yi sallama. Inna ta juya ta dubi tukunyar da ke kan murhu.

"A ce ma waccan ta riƙa cin abinci. Ta rame."

Da wannan maganar na yi guzuri har kudu.

Can na koyi abubuwa da yawa. Na koyi ba da abinci da ƙaramin cokali ga wanda ya mance tauna, na koyi gane ciwo a fuskar wanda ba ya iya cewa wayyo. Akwai wani tsohon direba da ba ya yarda a yi masa wanka sai an ce masa fasinja na jira. Kowace Juma'a kuma ina kiran Shamsiyya ta bidiyo, in ce ta kai wayar gaban Inna. Fuskarta ta cika gilashin wayar, ta ƙura ido, sai ta ja mayafi ta juya, in ga kunnenta da bangon Musbahu. Shamsiyya ta riƙa ba ni haƙuri. Ni kuwa in kashe waya in tafi aiki da ƙarfina.

Sai aka yi makonni sabis na wahala a can gida, kira ba ya shiga, in ya shiga murya kawai. Ranar wata Talata ina saukowa daga bene da tiren magani, Musbahu ya kira. Tun daga sallamarsa na ji yana washe baki.

"Yaya, albishirinki!"

"Goro."

"Inna ta samu sauƙi! Wallahi tun sahe sunanki taka kira. Lauratu kaza, Lauratu kaza, baki buɗe, ba kunya ba komi. Kowa ya shigo sai ta ba shi labarinki. Kewarki ta kama ta, Yaya. Ba na ce miki ba? Ta tuno ki!"

Ina jin Shamsiyya daga nesa tana cewa a gaya mini har sadaka sun yi. Na ajiye tiren a kan matakala na zauna kusa da shi. Ban zage shi ba, kuma ina jin wannan ne ya tsorata shi, don ya yi ta cewa, "Yaya? Kina ji na? Ba ki yi murna ba?"

Na ce, "Ina zuwa."

Malamar ta ba ni mako guda ba tare da ta tambayi dalili sau biyu ba. Na kwana a hanya. Da muka bar Anka muka shiga ƙasar Bukkuyum motar ta yi tsit, kamar yadda take yi a wannan hanya ta 'yan bindiga, kowa na motsa baki yana addu'ar Allah Ya kai mu lafiya. Ni ma ina addu'a, amma tawa daban ce. In da na kusa da ni ya ji ta, da ya ce na zautu. Cewa nake, ya Allah Ka sa uwata ta juya mini baya.

Na isa Gummi da la'asar. Tana zaune a tsakar gida a kan tabarmarta, ta ƙara ƙanƙancewa, ƙaramin kwanon na gefenta. Musbahu na shago. Shamsiyya ta taso da murna, na ɗaga mata hannu ta tsaya. Na yi sallama daga bakin ƙofa kamar kullum.

Inna ta ɗago. Ta dube ni, cikin ido, ta ci gaba da dubana. Sai fuskarta ta washe.

"Maraba, maraba da baƙuwa! Shigo mana, ɗiyar nan. Kin sha rana."

Ta matsa ta ba ni wuri, ba gefen kwanon ba, ɗaya gefen. Na zauna. Ta kamo hannuna ta riƙe a cinyarta tana shafawa. Ban taɓa sanin akwai wani zobe mai ruwan toka da ya kewaye baƙin idonta ba. Ban taɓa ganin idon kusa haka ba. Tun ina yarinya nake roƙon Allah wannan kallo, ga shi an ba ni, kuma da ana mayarwa da na mayar.

Ta dubi farin hijabina. "Ke ta asibiti ta? Masu ɗibar jinin yara?"

"Ta asibiti ce, Inna."

"To kin san ɗiyata. Ita ma can take. Lauratu."

Haka ta faɗe shi, a sauƙaƙe, tana ɗan jan ƙarshensa. Ashe haka yake a bakinta.

Na ce, "Na san ta."

"Ita ta ta hwari. Kai gare ta, tun tana ƙarama. Ran da tac ci jarrabawa na tahi rijiya, na aje tulu na yi ta rawa ni kaɗai, ba mai gani sai shanu." Ta yi dariya, ta rufe baki. "Ga zuciya kuma. In ta yi hushi duk gida sai ya sani. Ni tab biyo."

Daga bayan katanga wata ta fara daka. Na ji hannunta ya ƙanƙame nawa. Murmushin ya tafi, ta fara duban ƙasa.

"Ta bar mini amana, malama. Ɗiyatta. Na aje ta nan tana wasa, ina daka, na juya ban gan ta ba. Kullum ina nema. Sun kwashe ƙasar, ba sawu. In Lauratu ta zo mi zan ce mata? Da wane ido?"

Shekara da shekaru ina zaton jikarta take nema don kewa. Ashe tsoron haɗuwa da ni take yi hannu wofi.

Ta yunƙura za ta tashi. Na riƙe ta. Karon farko na yi yadda littafin ya ce, na zauna daidai da idonta, hannunta cikin nawa, don yanzu ba abin da ya hana.

"Inna, Lauratu ta san komi. Ta ce in hwaɗa miki ba ta riƙe ki da komi ba, ko rana ɗaya. Ta ce kin riƙe amana. Ki bar nema, yarinya na wurin da ba abin da zai same ta."

Ta ƙura mini ido, irin kallon da take wa mai tallan da take zargin mudunsa.

"Ita ta aiko ki?"

"Ita ta."

"To in da gaske kike, mi sunan yarinyar?"

Sunan da ban taɓa faɗa ba ke nan. Shamsiyya na tsaye a bakin madafa, ga ƙarar taɓarya, ga ƙaramin kwano da wurin da aka bari kusa da shi. Na ji gefen zanena ya yi nauyi. Ni ba 'yar kowa ba ce a kan tabarmar nan, baƙuwa ce daga asibiti, kuma baƙuwa tana iya faɗin sunan kowa.

"Jannatu," na ce. "Sunanta Jannatu."

Sai kukan ya zo, wanda na haɗiye tun Dareta. Inna ta saki ajiyar zuciya, ta koma ta zauna sosai.

"Ita ta," ta ce. "Lallai ita ta aiko ki."

Ta jawo kaina ta ɗora a kafaɗarta tana bubbuga bayana, tana cewa in yi shiru, aikin asibiti akwai wahala, ta sani, ɗiyarta ma haka take ramewa. Aka ci gaba da daka a maƙwabta har aka gama, ba ta tashi ba. Da kanta ta ɗauki ƙaramin kwanon ta miƙa mini, ta ce in sha, na sha hanya. Na shanye.

Da aka kira magariba ta matso da bakinta kusa da kunnena, ta rage murya don kada Shamsiyya ta ji.

"Malama, in kin koma, ki ce ma Lauratu ta zo. Na daɗe ban gan ta ba." Ta ja mayafi ta rufe baki. "Amma kar ki ce ni nac ce."

Na ce to, zan gaya mata. Tana riƙe da hannuna, tana ta kallon fuskata.